YUSTINUS SHAHIDI DA GARDAMAR ALMASIHU

Sau da yawa, sa'ad da mu ke karatun Ishaya sura 53 ko Zabura ta 22 tare da masu-bi, wani yakan yi tambaya: in dai annabawa sun nuna Yesu a fili haka, me ya hana Yahudawa su gane shi, su da aka danƙa wa littattafan nan tun da fari? Akan amsa da sauri a ce taurin zuciya ne. Amsar nan tana da sauƙi a baki, amma ba ta ƙosar da mai-bincike, gama Yahudawa suna da nasu dalilai, daga cikin Littafi Mai-Tsarki kuwa su ke ɗauko su. Domin wannan za mu duba rayuwar wani mutum wanda ya yi muhawara da Bayahude a kan annabawa, ya rubuta abin da kowannensu ya kawo, daga baya kuma ya ba da ransa saboda abin da ya gaskata. Sunansa Yustinus. Ikilisiya tana kiransa Shahidi, watau wanda aka kashe saboda shaidarsa.

Asalinsa

An haife shi wajen shekara ta 100 bayan haihuwar Almasihu, a wani gari na ƙasar Samariya mai suna Neyafolis, wanda a ke kira Nablus yau. Kaisar Besfasiyan ne ya kafa garin a shekara ta 72, shekara biyu bayan da Romawa suka ƙone Haikalin Urushalima. Garin yana tsakanin dutsen Gerizim da dutsen Ebal, kusa da kufan Shekem, ba nisa da rijiyar Yakubu inda Ubangiji ya yi magana da Basamariya (Yohanna 4). Amma Yustinus ba Bayahude ba ne. Sunan ubansa Firiskus, na kakansa Bakiyus. Gidansu gidan Al'ummai ne, ba a yi masa kaciya ba, da harshen Helenanci kuma ya yi karatu. Ya girma a ƙasar annabawa, amma bai san annabawa ba.

Neman Allah wurin masu-hikima

Tun yana saurayi ya ƙwallafa ransa ga sanin Allah. A zamanin nan mai irin wannan ƙishi wurin malaman hikima ta Helenawa ya kan nufa. Shi da kansa ya ba mu labarin yawon da ya yi a tsakaninsu. Da fari ya zauna gaban wani Basitoke, irin waɗanda Bulus ya gamu da su a Atina (Ayyukan Manzanni 17:18), amma malamin bai koya masa kome game da Allah ba, har ya nuna ilimin nan ba lallai ba ne. Ya koma wurin wani almajirin Aristo, wanda bayan 'yan kwanaki kaɗan ya fara zancen kuɗin karatu, sai Yustinus ya bar shi. Na uku mabiyin Fitagoras ne, shi kuwa ya ce sai ya ƙware a ilimin kiɗa da na taurari da na awon ƙasa tukuna. A ƙarshe ya sami wani malami na koyarwar Aflatun, ya ji daɗinsa ƙwarai, har ya soma tsammani ba da jimawa ba zai ga Allah da idon hankalinsa.

Wata rana ya fita kaɗaici kusa da bakin teku domin tunani, sai ya gamu da wani dattijo mai-kamala. Dattijon ya yi ta yi masa tambayoyi har ya nuna masa ran mutum ba shi da ikon ganin Allah da ƙarfin kansa. Sa'an nan ya gaya masa akwai waɗansu mutane da suka riga dukan masu-hikima, waɗanda suka yi magana ta wurin Ruhun Allah, suka faɗi abin da zai faru, yana kuwa faruwa, littattafansu ma suna nan. Yustinus bai ƙara ganin dattijon nan ba, amma ƙaunar annabawa ta kama zuciyarsa kamar wuta. Wani abu kuma ya taɓa shi. Ya ji ana zargin Kirista da mugayen ayyuka, amma da ya ga yadda su ke fuskantar mutuwa ba tsoro, ya tabbata masu-bin sha'awar jiki ba su mutuwa haka. Wajen shekara ta 130 ya zama mai-bi.

Mu lura da ƙofar da ya bi ya shigo. Ta wurin annabawan Yahudawa ne Ba'al'umme ya sami Almasihu. Saboda haka ƙin da Yahudawa suka yi ya zama masa abin damuwa har ƙarshen ransa. Bai tuɓe mayafin da malaman hikima su kan yafa ba, gama a ganinsa yanzu ne ya sami hikima ta gaskiya.

Almasihu mai-takobi

Ba da daɗewa ba bayan tubansa, ƙasar haihuwarsa ta kama da yaƙi. A shekara ta 132 Yahudawa suka tayar wa Kaisar Hadiriyan, wanda ya yi shirin gina birnin Romawa a kan kufan Urushalima. Shugabansu wani jarumi ne. Wasiƙunsa da aka samu cikin kogwannin dutse na jejin Yahudiya tsakanin 1951 da 1961 sun nuna sunansa na ainihi Siman ɗan Kosiba ne. Littattafan Yahudawa sun ce Rabbi Akiba, babban malamin zamanin, ya ɗora masa annabcin tauraron da zai fito daga Yakubu (Littafin Lissafi 24:17), ya kira shi Sarki Almasihu. Daga nan ne laƙabinsa Bar Kokba, watau Ɗan Tauraro. Ya buga kuɗi da sunan 'yancin Isra'ila, ya riƙe ƙasa wajen shekara uku. Yustinus ya rubuta cewa ya azabtar da Kirista na Yahudiya waɗanda suka ƙi musun Yesu. Ba su iya bin tutarsa ba, gama suna da nasu Almasihu.

Hadiriyan ya kirawo sarkin yaƙinsa Yuliyus Seferus daga Birtaniya. A shekara ta 135 garin Betar, mafakar ƙarshe, ya faɗi, aka kashe Bar Kokba. Diyo Kasiyus, marubucin tarihi na Romawa, ya ce mutum 580,000 suka mutu a fagen fama, an rushe garuruwa masu-ganuwa 50 da ƙauyuka 985. Aka kashe Akiba ma. Aka sa wa Urushalima suna Eliya Kafitolina, aka hana Bayahude shiga.

Wannan yaƙi ya nuna mana irin Almasihun da jama'a da yawa su ke jira: sarki daga zuriyar Dauda, wanda zai karya karkiyar Al'ummai, ya tattaro warwatsattun Isra'ila, ya ta da Haikali. Ba daga iska suka ɗauko wannan bege ba. Mu karanta Ishaya 11, Irmiya 23:5-8 da Ezekiyel 37:21-28, za mu same shi a rubuce.

Kwana biyu a Afisus

Wata safiya Yustinus yana yawo a shirayin masu-wasa, sai wani mutum tare da abokansa ya ga mayafinsa ya gaishe shi. Yusebiyus, marubucin tarihin Ikilisiya, ya ce a Afisus ne. Mutumin ya ce sunansa Tirifo, Ba'ibrane ne wanda ya tsere wa yaƙin, yana zaune a ƙasar Helas, yawanci a Korinti. Da Yustinus ya ba da labarin tubansa, abokan Tirifo suka fashe da dariya. Daga nan muhawara ta tashi, ta ɗauki kwana biyu. Wajen shekara ta 160 Yustinus ya rubuta ta, littafi mai sura 142. Tun da shi ke hannun Yustinus ne ya rubuta maganar duka biyu, shi ya fi yawan magana. Duk da haka ya bar Tirifo ya zama mutum mai-hankali da ladabi, wanda har ya karanta Bishara, ya yaba dokokinta, ya ce girmansu ya sa yana shakka ko akwai mai-iya kiyaye su.

Ga manyan dalilan Tirifo. Na fari, Malakai 4:5 ya ce Iliya zai riga zuwa. Shi ne zai shafe Almasihu ya bayyana shi ga kowa, Iliya kuwa bai zo ba. Na biyu, Yahudawa suna sauraron mutum ne haifaffen mutane, zaɓaɓɓe kamar Dauda. Allah ɗaya ne, Ishaya 42:8 kuwa ya nuna ba ya raba ɗaukakarsa da wani. Na uku, Daniyel 7 ya nuna Ɗan Mutum mai-daraja wanda za a ba madawwamin mulki, amma Yesu ya mutu a wulakance. Daga baya Tirifo ya yarda Nassi ya ce Almasihu zai sha wuya, amma gicciye ya tsaya masa a wuya, gama Kubawar Shari'a 21:23 ta sa wanda aka rataye bisa itace ƙarƙashin la'ana. Na huɗu, yaya masu-cewa suna tsoron Allah za su bar Asabaci da kaciya da idodi waɗanda Allah da kansa ya umarta?

Amsar Yustinus tana da ginshiƙi ɗaya wanda ya riƙe sauran duka, shi ne annabawa sun yi maganar zuwa biyu. A zuwa na fari Almasihu mai-shan wuya ne, marar-kyan gani, wanda aka raina, kamar yadda Ishaya 53 da Zabura ta 22 suka kwatanta. A zuwa na biyu zai bayyana bisa gizagizai kamar yadda Daniyel ya gani. Ya kawo misalin bunsuru biyu na Ranar Kafara (Littafin Firistoci 16) su zama alamar zuwan nan biyu. Game da Iliya, ya ce ruhun da ke cikinsa ya sauko bisa Yohanna Mai-baftisma kafin zuwa na fari, Iliya kuma zai riga zuwa na biyu. Game da la'ana, ya bi sawun Galatiyawa 3:13, ya ce dukan 'yan Adam ne ke ƙarƙashin la'ana, Almasihu kuwa ya ɗauki tasu. Ya tuna musu da macijin jan ƙarfe wanda Musa ya ɗaga a jeji. Malaman Yahudawa sun ce Zabura ta 110 a kan Hezekiya ta ke, ta 72 kuma a kan Sulemanu. Yustinus ya amsa cewa Hezekiya bai taɓa zama firist ba, balle na har abada, Sulemanu kuma bai yi mulki har iyakar duniya ba, a ƙarshe ma ya rusuna wa gumaka.

Sun taɓo Mika 4, inda aka yi alkawarin ranar da za a mai da takuba garemani, a daina koyon yaƙi. Malaman Yahudawa sun yarda zamanin Almasihu ke nan, suna kuwa cewa bai zo ba tukuna. Yustinus ya nuna Ikilisiya, ya ce ga mutane daga kowace al'umma waɗanda dā su ke kashe juna, yanzu sun ajiye makamai, sun gwammace a kashe su da su yi musun Ubangijinsu. Nan ne tsakiyar gardamar, har wa yau ma nan ta ke. Bayahude yana duban duniya ya ga yaƙi bai ƙare ba, ya ce Mai-fansa bai zo ba. Kirista yana duban gicciye da kabarin da ba kowa, ya ce ya zo, zai kuwa komo ya cika sauran.

Kalma guda cikin Ishaya

Mu da mu ke aikin juya Littafi daga harshe zuwa harshe, babu sashin muhawarar da ya taɓa mu kamar gardamar Ishaya 7:14. Wajen shekara ta 734 kafin haihuwar Almasihu, Rezin sarkin Suriya da Feka sarkin Isra'ila suka kawo wa Ahaz sarkin Yahuda yaƙi. Ishaya ya ba Ahaz alama ta haihuwar yaro mai suna Immanuwel. Kalmar Ibrananci da ya kira uwar yaron da ita, ita ce alma, watau yarinyar da ta isa aure. Da ita aka kira Rifkatu a Farawa 24:43, da 'yar'uwar Musa a Fitowa 2:8. Yahudawan Iskandariya ta Masar sun juya Tsohon Alkawari zuwa Helenanci tun kafin haihuwar Yesu, juyin da a ke kira na Saba'in. A wannan aya suka sa fartenos, kalmar da yawanci a ke nufin wadda ba ta san namiji ba. Ita ce Matta 1:23 ya ɗauka. Amma a zamanin Yustinus wani mai suna Akila, wanda ya shiga addinin Yahudawa, ya yi sabon juyi mai-bin Ibrananci kalma kalma, ya sa wata kalma mai-ma'anar yarinya kawai.

Tirifo ya ce yarinya a ke nufi, yaron kuwa Hezekiya ne ɗan Ahaz. Har ya ce ya kamata Kirista su ji kunya, gama labarinsu ya yi kama da tatsuniyar Helenawa ta haihuwar Fersiyus. Yustinus ya amsa cewa Allah ya yi alkawarin alama, mace ta haihu ta hanyar da kowa ke haihuwa kuwa ba alama ba ce. Daga baya Jerom ya ƙara wani dalili daga 2 Sarakuna 16:2 da 18:2: bisa ga lissafin shekarun nan, an riga an haifi Hezekiya kafin ubansa ya hau gadon sarauta.

Mai-jin Hausa zai gane wuyar abin da sauri, gama kalmarmu budurwa ma tana ɗauke da ma'ana biyu, shekarun yarinya da kuma tsarkinta. Amma sai mu faɗi gaskiya: ba wanda ya sāke kalmar Ibrananci. Littafin Ishaya da aka samu a Kumran kusa da Tekun Gishiri a 1947, wanda aka rubuta fiye da shekara 100 kafin haihuwar Yesu, alma ce a cikinsa. A kan fassara ne aka rabu, ba a kan rubutu ba.

Inda ya yi kuskure

Yustinus da Helenanci ya ke karanta Tsohon Alkawari, wannan kuwa ya kai shi ga tuntuɓe. Ya zargi malaman Yahudawa da cire ayoyi daga Nassi domin su ɓoye shaidar Almasihu. Ya ce a Zabura 96:10, inda aka yi shelar mulkin Ubangiji, dā akwai kalmomin da suka nuna daga bisa itace ya ke mulki, Yahudawa suka goge. Ya kawo kuma wata magana ta Ezra game da Idin Ƙetarewa. Tirifo ya amsa a hankali cewa Allah kaɗai ya san abin da shugabanni suka yi, amma abin ya yi masa wuyar gaskatawa. Tirifo ne mai-gaskiya. Ba a taɓa samun kalmomin nan cikin wani littafin Ibrananci ba, maganar Ezra kuwa ba ta cikin Nassi sam. Hannun Kirista ne ya ƙara, ba hannun Bayahude ne ya rage ba. Yustinus ya gaskata abin da ya tarar a rubuce, ya ɗora wa maƙwabcinsa laifin da bai yi ba.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. Yana magana da mutumin da ya tsere daga ƙasar da aka mai da ita toka, ya gaya masa wahalar nan ta dace da su, har ya ce an ba su kaciya ne domin a ware su, su sha wuya su kaɗai. Ya yi kuka cewa ana la'antar masu-bi a majami'u, kuma shi marar-iko ne a ƙarƙashin Kaisar. Amma da Ikilisiya ta sami iko, irin maganar nan ta zama makami. Bayan muhawarar da aka tilasta wa malaman Yahudawa a Faris a 1240, aka ƙone littattafansu na Talmud a 1242. A Barsalona a 1263 Rabbi Musa ɗan Nahman ya tsaya gaban sarki Yakubu na Aragon, ya kawo dalilin nan na Mika da Ishaya, cewa duniya cike ta ke da yaƙi; daga baya ya bar ƙasar, ya ƙare kwanakinsa a ƙasar Isra'ila. Da ma an tuna da Romawa 11:17-21, inda Bulus ya gargaɗi rassan da aka ɗaura kada su yi wa rassa na asali fahariya, gama saiwa ce ke ɗauke da su.

Yadda suka rabu

A wani wuri Yustinus ya nuna sauƙin hali da ba kowa ke da shi ba a zamaninsa. Tirifo ya tambaye shi ko Bayahuden da ya gaskata da Yesu, yana kuwa kiyaye Attaura, zai tsira. Ya ce zai tsira, muddin bai tilasta wa Al'ummai su yi haka ba, ya kamata kuma a karɓe shi kamar ɗan'uwa, ko da shi ke waɗansu Kirista ba su yarda ba.

Da yamma ta yi a rana ta biyu, Tirifo bai tuba ba, Yustinus kuwa bai ɓoye wannan ba. Tirifo ya ce ya sami abin da ya fi tsammaninsa, da suna iya haɗuwa kullum su bincika Nassi da sun ƙaru. Tun da Yustinus yana shirin shiga jirgin ruwa, ya roƙe shi ya tuna da su kamar abokai. Suka yi masa addu'ar sauka lafiya, shi kuma ya yi musu addu'a su gane Almasihu. Haka littafin ya ƙare.

A birnin Roma

Yustinus ya zauna a Roma a zamanin Kaisar Antoninus Fiyus, wanda ya yi mulki daga 138 zuwa 161. Ya buɗe makaranta a ɗakin sama na wani gidan wanka, yana koya wa duk wanda ya zo. Tatiyan, wanda ya harhaɗa Bishara huɗu ta zama labari ɗaya, almajirinsa ne. A can ya tarar da wata gardama ta Almasihu a cikin Ikilisiya kanta. Markiyon, wanda aka fitar daga jama'ar masu-bi a 144, ya koyar cewa Allahn Tsohon Alkawari dabam ne da Uban Yesu, Almasihun annabawa kuma jarumi ne na Yahudawa wanda bai zo ba tukuna, saboda haka a yar da Attaura da annabawa. Yustinus ya yi tsayayya da shi ƙwarai. Mutumin da ya yi wa Yahudawa magana mai-zafi, shi ne kuma ya tsaya kada a raba Ikilisiya da littattafan Yahudawa.

Wajen shekara ta 155 ya rubuta wa Kaisar takardar kāriya, yana roƙo a hukunta Kirista bisa ga aikinsu, ba bisa ga sunansu kaɗai ba. Babban dalilinsa a cikinta cikar annabci ne. Ya tuna wa Romawa cewa littattafan nan suna hannun Yahudawa a ko'ina, waɗanda ba su yarda da Kirista ba, don haka ba mai-cewa Kirista ne suka ƙaga su. A cikin takardar ne kuma ya kwatanta sujadar ran Lahadi: akan karanta rubutun manzanni ko na annabawa, shugaba ya yi gargaɗi, a tashi a yi addu'a, a kawo gurasa da ruwan inabi da ruwa, a tara baiko domin marayu da gwauraye, da marasa-lafiya, da ɗaurarru, da baƙi.

Mutuwarsa

Wani malamin hikima mai suna Kiresken ya zama abokin gābarsa, Yustinus kuwa ya rubuta cewa yana sauraron a kai ƙararsa. Wajen shekara ta 165, a zamanin Kaisar Markus Aureliyus, aka kama shi tare da mutum shida, ɗaya daga cikinsu mace ce. Aka kai su gaban Yuniyus Rustikus, hakimin birnin Roma, wanda shi ne dā malamin Kaisar. Labarin shari'ar yana nan har yau. Da aka tambaye shi koyarwarsa, ya shaida Allah ɗaya Mahaliccin kome, da Yesu Almasihu wanda annabawa suka yi shelar zuwansa tun da daɗewa. Rustikus ya tambaye shi ko yana zato in an fille kansa zai hau sama. Ya amsa cewa ba zato ya ke yi ba, ya sani. Aka umarce su su yi wa gumaka hadaya, suka ƙi gaba ɗaya. Aka yi musu bulala, aka fille kawunansu, waɗansu masu-bi kuma suka ɗauke gawawwakin a ɓoye suka binne.

Annabawan da dattijo ya nuna masa a bakin teku, su ne a bakinsa gaban mai-shari'a. Muhawararsa da Tirifo ta iso gare mu ta wurin littafi guda da aka kwafa da hannu a 1364, wanda ke ajiye a Faris.

Abin da za mu riƙe

Yahudawa masu-riƙon addininsu ba su daina jira ba. Musa ɗan Maimun, wanda ya rasu a 1204, ya sa begen zuwan Almasihu cikin ginshiƙai 13 na bangaskiyarsu, ya ce za a san shi da gina Haikali da tattaro Isra'ila. Rashi, babban mai-fassararsu na Faransa, wanda ya rasu a 1105, ya ɗauki Bawan nan na Ishaya 53 a kan jama'ar Isra'ila ce mai-shan wuya, ko da shi ke tsohon juyinsu na Aramiyanci ya kira Bawan Almasihu. Mu kuwa muna tsaye inda Yustinus ya tsaya, cewa ya wajaba Almasihu ya sha wuya kafin ya shiga darajarsa (Luka 24:26-27). Amma rayuwarsa ta bar mana gargaɗi uku. Mu san dalilin wanda bai yarda da mu ba daga bakinsa, kamar yadda shi zai faɗe shi. Kada mu jingina gaskiya ga hujjar da ba mu bincika ba, gama hujja guda ta ƙarya takan sa a yi shakkar goma na gaskiya. Kada kuma mu mai da wahalar mutum ta zama shaidar laifinsa. In muka ce zamanin salama ya soma a cikinmu, kamar yadda Yustinus ya ce, to, wanda mu ke muhawara da shi ne zai fara ganin ko haka ne.

Tambayoyi domin bincike

1. Karanta Ishaya 11 da Ishaya 53. Waɗanne alkawarai ne suka cika, waɗanne mu ke jira?
2. Karanta Kubawar Shari'a 21:22-23 da Galatiyawa 3:10-14. Me ya sa gicciye ya zama wa Tirifo abin tuntuɓe?
3. Karanta Ishaya 7:1-17. Mene ne alamar ta zama wa Ahaz, mene ne kuma ta zama wa Matta?
4. Karanta Romawa 9:1-5 da 11:17-24. A ina maganar Yustinus ta rabu da halin Bulus?